Yadda Na'ura Ke Samun Adireshi a Hanyar Sadarwa

Falken da ya sauka Funtua a da ba ya kwance kaya sai fatoma ya nuna masa masauki. Haka kwamfuta ko waya take in ta shiga hanyar sadarwa: dole ta sami lambar da za a riƙa aiko mata saƙo da ita, watau adireshi.

Da fari takan duba ko mai ita ya rubuta mata adireshi da hannunsa. In ya rubuta, shi za ta riƙe, ko da kuwa kuskure ne. In babu, sai ta yi shela tana neman mai rabon adireshi, wanda galibi rauta ce, na'urar da ke haɗa gida da intanet. Wannan tsari shi ne DHCP, an kafa shi a 1993, aka gyara shi a 1997. Adireshin aro ne mai wa'adi, in rabin wa'adin ya wuce sai ta nemi a sabunta mata.

To, in ta ji shiru fa? Ƙa'idar da ƙungiyar IETF ta fitar a 2005 ta yarje mata ta zaɓa wa kanta ɗaya daga lambobi 65,024 masu farawa da 169.254. Amma ba ta zama sai ta tambaya sau uku ko wurin yana da mai shi, kamar mai sallama a ƙofar gida. In wata ta amsa, sai ta sake zaɓi. Wannan adireshi iyakarsa gida, rauta ba ta fitar da saƙonsa waje.

A sabon tsari na IPv6 kuwa, rauta ce ke sanarwa ko na'ura ta ƙera adireshinta da kanta, ko ta nema wurin mai rabo.

Amfanin sanin wannan a fili yake. A shagon kwamfuta na Funtua ko Malumfashi, in wuta ta dawo, kwamfuta tana iya riga rauta farkawa, ta yi shela ba amsa, ta ɗauki 169.254, intanet ta ƙi zuwa. Wanda bai sani ba sai ya ce ta lalace, ya kai ta gyara. Wanda ya sani kuwa rautar zai duba, domin baƙon lafiyarsa lau, fatoma ne bai amsa ba.