Maigida Ya Yi Ritaya: Ga Sana'ar Gyaran Tsofaffin Agoguna

Yau na ajiye labarin soyayya, zancen iyayenmu maza na kawo mana. A ƙa'idar aikin gwamnati, in mutum ya yi shekara 35 yana aiki ko ya cika 60 da haihuwa, sai ritaya. Mutumin da ya saba sammako, rana ɗaya a ce ya zauna gida! Daga nan sai faɗa ya tashi, miya ta yi gishiri, yara sun cika surutu, wa ya taɓa min rediyo? Wallahi ba mugun hali ba ne, zaman ne ke cinsa.

Haka muka sha da Babanmu, har Allah ya sa ya tono agogon West End na Kakanmu a cikin adaka, tsarabar Makka, ya daɗe da tsayawa. Ya kai wa wani dattijo mai gyara a kasuwar Sabon Gari ta Kano, daga tsayawa kallo sai ga shi ya zama almajiri.

Shi ya fahimtar da ni cewa agogon da ba batir gare shi ba. Wani siririn ƙarfe ne a naɗe a ciki, in an wana shi sai ya riƙa warwarewa a hankali yana tura ƙananan ƙafafu masu haƙora. Akwai wata 'yar ƙafa mai kai da komo, sau 5 ko 6 a daƙiƙa, ita ke wannan ƙas-ƙas ɗin. Lambar 17 da ake gani a fuskar wasu kuwa adadin 'yan duwatsun da ke hana ƙarafan cin juna ne. Akwai kuma mai wana kansa da motsin hannu, irin Seiko 5 da ya fito a 1963. Da kamfanin Seiko na Japan ya fitar da agogon hannu mai batir a 1969, sannu a hankali aka yi ta jefa na da a akwati. Alhali da yawansu ba mutuwa suka yi ba, datti ne da bushewar mai.

Kayan aikin ba yawa: madubin ido, hantsaki, ƙananan sukudireba, man agogo da farin ƙyalle. Sai dai a kiyaye, kada a ɗiga masa man keken ɗinki, cushe shi zai yi. A fara koyo da agogo mai araha, ba na gado ba. Tsofaffin da lambobinsu ke haske da dare kuma, musamman na kafin 1970, wasu fentinsu na da sinadarin radiyam mai cutarwa, kada a kankare shi ko a hura.

Yanzu Mama ce ke bin sa da kira.

"Alhaji, tuwon fa zai huce."

"Hajiya, bari in ɗaure ƙusar nan tukuna."

Don haka 'yar uwa, in maigida ya nuna sha'awa kada ki ce wasan yara ne. Ware masa tebur kusa da taga, ki hana yara taɓawa, in ƙusa ta faɗi ki taya shi nema da haƙuri. Da ma Hausawa sun ce da zaman banza gara aikin kishiya. Allah ya ba iyayenmu lafiya da tsufa mai albarka, amin.