DUBAN ƊAN TAYI: BINCIKEN ƘWAƘWALWA DA LAKA KAFIN HAIHUWA

Ana jawo hankalin jama'a, musamman magidanta da mata masu juna biyu, ga muhimmancin duban ɗan tayi da ake yi a asibiti. Da shi likita yake gane lafiyar kan yaro da ta bayansa tun yana cikin mahaifa.

Yadda Na'urar Take Aiki

Na'urar tana aika wani irin sauti ne wanda kunnen ɗan Adam ba ya iya ji. Idan sautin ya bugi ƙashi ko tsoka sai amsa-kuwwarsa ta dawo, na'ura kuma ta mayar da ita hoto a kan allo. Ana shafa wa mace ɗan mai a mara a goga kan na'urar, ba yanka, ba allura. Likita Ian Donald na birnin Gilasgo ne ya bayyana amfaninta ga aikin likita a 1958. A 1972 kuma Likita Stuart Campbell ya gano da ita ɗan tayin da ƙoƙon kansa bai haɗu ba.

Abin Da Likita Yake Dubawa

Ƙwaƙwalwa da laka suna somawa ne daga wani ɗan siririn bututu da yake rufewa cikin kwana 28 da shigar ciki, sau da yawa tun mace ba ta san tana ɗauke da shi ba. In bai rufe ta wajen kai ba, ƙwaƙwalwa ba ta cika, kuma irin wannan yaro ba ya rayuwa. In ta wajen baya ne, sai ƙashin baya ya zauna a buɗe, laka ta fito cikin wani ƙulli. Wannan yakan jawo shanyewar ƙafafu da kasa riƙe fitsari da bayan gida.

Tsakanin mako 18 da 22 ne aka fi ganin waɗannan sassa sosai. Likita yakan auna zagayen kai, ya duba ramukan ruwa na cikin ƙwaƙwalwa, waɗanda faɗinsu bai kamata ya kai milimita 10 ba. In sun kai haka, sai a ƙara bincike don gudun taruwar ruwa a kai. Yakan bi ƙashin baya gaɓa-gaɓa daga wuya har ƙugu, ya tabbata fata ta rufe shi. In goshi ya tsuke kamar lemon tsami, ko ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya ta lanƙwashe kamar ayaba, to alama ce ta buɗewar baya.

Amfanin Sani Da Wuri

Sanin ciwo kafin haihuwa yana ba iyali damar shiri. Za a tura uwa ta haihu a babban asibiti inda akwai likitocin tiyata, domin yaro mai buɗaɗɗen baya yana bukatar a rufe wurin cikin kwana biyu ko uku kafin ƙwayoyin cuta su shiga. Wanda ruwa ya taru masa a kai ana iya sa masa siririyar roba mai janye ruwan. Haihuwar yaro mai babban kai a gida kuwa tana iya jawo doguwar naƙuda, wadda takan hallaka uwa da ɗa. Amma fa na'ura ba ta ganin kowane ciwo, don haka ba ta maye gurbin zuwa awo a kai a kai.

Rigakafi Ya Fi Magani

Binciken da aka buga a Birtaniya a 1991 ya tabbatar da cewa sinadarin folik asid yana rage wannan larura ƙwarai. Ya kamata mace ta riƙa shan maikirogiram 400 kullum tun kafin ta ɗauki ciki, tare da cin alayyafo da wake da gyaɗa. Wadda ta taɓa haihuwar irin wannan yaro, ko mai ciwon sukari, ko mai shan maganin farfaɗiya, ta ga likita kafin ta yi ciki. Kada ta daina magani da kanta.

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a duba kowace mai ciki da na'urar sau ɗaya kafin mako 24. Wannan larura ba maita ba ce, ba laifin uwa ba ne. Ana roƙon mazaje su ba matansu izini da kuɗin mota, ungozomai da masu unguwanni kuma su yaɗa wannan saƙo ga jama'arsu.