Ɗan Azhar a Alƙahira: Ful, Shayi da Zaman Baƙunta

Idan yaro ya samu gurbin karatu a Azhar, tambayar mutanen gida ba ta wuce biyu ba: yaushe zai gama, kuma da me zai dawo. Ba kasafai ake tambayar yadda yake wuni ba. Alhali shekarun da zai kwashe a Alƙahira, a masaukin ɗaliban waje na Madinatul Bu'us ko a ɗakin haya a Hayyul Ashir, wuni-wuni ake haɗa su. Abin da ke riƙe baƙo a ƙasar mutane har ya kai ga abin da ya fita nema shi ne 'yan ƙananan daɗin da yake samu kullum a kan kuɗi kaɗan, kuma wanda ya raina su ya fi saurin gajiya.

A fara da ciki. Da sassafe mai ful ya kafa kekensa a bakin layi, ga doguwar tukunyar ƙarfe mai siririn wuya da waken ya kwana yana dahuwa a ciki. Ya kwaso da ludayi, ya zuba mai da lemon tsami da gishiri, ya miƙo da gurasar da suke kira aish baladi. A tsaye ake ci, kafaɗa da kafaɗa da direban bas da ma'aikacin gwamnati. Kusa da shi ana suyar ɗa'amiyya, wadda Bahaushe zai rantse ƙosai ce sai ya gutsura ya ga cikinta kore saboda ganye. Da rana ga koshari, haɗin shinkafa da taliya da wani ƙaramin wake da suke kira adas, an malala miyar tumatir an barbaɗa soyayyar albasa. Amfanin wannan ya wuce ƙoshi. Wanda yake zuwa wurin mai ful ɗaya kowace safiya, kafin wata ya zagayo an san fuskarsa, an san yana son yaji, ranar da bai zo ba a tambaye shi ko lafiya. A birnin da mutanensa suka haura miliyan 20, samun wanda zai lura ba ka zo ba babban abu ne.

A irin waɗannan wurare harshe ke buɗewa. Ɗalibi kan iso da Larabcin littafi, ya haddace nahawu, amma mai shago ya yi masa magana ya tsaya yana kallo, domin na kan titi daban ne. Ba a aji ake koyon wannan ba. Ana koyonsa a teburin mai shayi, da wurin mai matse rake, da cikin jirgin ƙasan ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe a 1987, na farko a Afirka. Ana koyonsa a shagunan littattafai na bayan masallacin Azhar, inda mutum zai yi awa guda yana ciniki yana shan shayin mai shago, da kuma babban baje kolin littattafai na Alƙahira da ake yi tun 1969, wanda ɗalibai ke tara masa kuɗi tun watanni kafin lokacin sanyi.

Wani uba zai ce shi karatu ya tura ɗansa, ba yawon gari ba. Yana da gaskiyarsa, kuma akwai waɗanda gari ya ɗauke wa hankali suka dawo hannu rabbana. Sai dai kulle kai a ɗaki ma yana da tasa hasarar da ba a cika faɗa ba. Ɗalibin da ba ya fita sai jami'a, ba ya hira sai da 'yan garinsu, ba ya ci sai tuwon da aka tuƙa da garin da wani ya taho da shi, yana iya cin jarrabawa, amma zai dawo bai iya ciniki da Larabci ba, bai kuma zauna a da'irorin karatun da malamai ke yi kyauta a cikin masallacin da aka kammala tun shekarar 972 ba. Ga kewar gida, wadda ta fi kama mai zaman ɗaki yana danna waya har asuba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: shin wannan ba kwalliya ake yi wa wahala ba? Akwai layin sabunta iƙama. Akwai sanyin Janairu a ɗakin da ba a gina shi don sanyi ba. Akwai yaran unguwa da ke tsokanar baƙar fata, abin da ba a kyauta a ɓoye shi. A watan Maris na 2024 fam ɗin Masar ya faɗi daga kusan 31 zuwa kusan 50 a kan dala, kaya suka tashi, ga naira ita ma ba lafiya ba. Kofin shayi bai gyara ko ɗaya daga ciki ba. Amma waɗannan matsaloli ba sa hannun ɗalibi, shi kuwa yadda zai kashe yammacinsa yana hannunsa. Tafiya a gadar Ƙasrun Nil bayan magariba kyauta ce. Haka teburan buɗa baki da masu hali ke shimfiɗawa a tituna da azumi, ba a tambayar daga wace ƙasa mutum ya fito.

Masu tsoron kada yaro ya manta gida su kwantar da hankalinsu. Kasuwar Masar tana da kuɓewa, tana da lalo wanda suke kira mulukiyya, tana da zoɓo da sunan karkade. Ranar Juma'a ɗalibai kan haɗa kuɗi su yi miya irin ta gida, kuma daɗinta ya fi fitowa ga wanda ya yi kwana shida yana cin abincin gari.

Don haka, Alhaji, in ka kira ɗanka ka tambayi sakamakon jarrabawa, ka ƙara da tambayar inda yake karyawa da safe, da ko yana da aboki Bamisre ko da ɗaya. In ya ce babu, ka ce masa ya fita ya nema.