Tafasawa ba ta fidda dafin majema

Mun sha cewa a tafasa ruwa kafin a sha. Gaskiya ne, amma ƙwayoyin cuta kaɗai wuta ke kashewa. Ba ta fidda dafin masana'antu.

A Kano, masana'antun jima na Bompai, Sharaɗa da Calawa sun daɗe suna zuba dagwalo cikin rafin Getsi da kogin Calawa. Ruwan na ɗauke da kurom, sinadarin jimar zamani mai lahanta fata da ƙoda. Da shi ake bayin lambuna, yana kuma tsatsafowa cikin rijiyoyi.

Mu ma Damagaram garin jima ne, ko da yake kakanninmu da bagaruwa suka yi tasu. Kada mu gina rijiya a gangaren majema. In ruwa ya sake launi ko ya yi wari, mu daina sha, mu sanar da likita da mai unguwa.