Kafin A Ɗora Bidiyon Biki A Faifai: Wane Girman Hoto Za A Zaɓa?

Sana'ata haɗa bidiyo a Gomari, nan Maiduguri. Daga Agege, Sabon Ibadan da Fatakwal ana yawan turo mini bidiyon aure ko na suna don in ɗora wa iyaye a faifai, kusan kowa kuma cewa yake a yi masa da HD. To, faifan DVD bai san HD ba.

Wayoyin yanzu suna ɗaukar hoto mai ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye. Shi kuwa DVD iyakarsa 720 da 576, a tsarin PAL da ake amfani da shi a Najeriya, mai hoto 25 a daƙiƙa guda. In aka kwafi fayil ɗin waya kai-tsaye aka zuba a faifai, kwamfuta za ta buɗe shi, amma na'urar DVD da ke ɗakin Hajiya sai ta ƙi karantawa. Ga kuɗin faifai, ga na mota, duk sun tafi a banza, tsohuwa kuma ba ta ga auren jikarta ba.

Saboda haka in ka je wurin mai juyawa, ka ce masa 720 da 576, PAL. In ka ga 720 da 480, wannan NTSC ne na Amurka, wasu tsofaffin talabijin kan nuna shi baƙi da fari. Shi kuma 352 da 288 na VCD ne, irin wanda muka kalli finafinan Hausa da shi a da. Faifan CD na ɗaukar kusan minti 80, sai dai a babbar talabijin fuskoki za su dusashe.

Sai tsawon bidiyon. Faifan DVD mai gigabayit 4.7 yana ɗaukar kimanin awa 2 da kyau. In bikin ya kai awa 4, kar a matse shi a guda, a raba biyu. Matsi ne ke sa hoto ya farfashe da an fara rawa.

A kuma duba fasalin hoton. In an ɗauka da waya a kwance, a zaɓi 16:9. In aka tilasta shi zuwa 4:3, amarya za ta fito doguwa siririya kamar ba ita ba. Wanda aka ɗauka a tsaye dole ya fito da baƙi dama da hagu, kar a ja shi.

Wajen turowa ta WhatsApp, a turo shi a matsayin dokumen, don in aka tura yadda aka saba manhajar tana rage masa inganci, abin da ya zube kuwa babu mai dawo da shi. Sannan a adana na asali a waya ko filash, faifai yana karcewa.

Allah Ya sanya alheri a bukukuwanmu.