RIJIYA MAI JAN FENTI DA RIJIYA MAI KOREN FENTI

Akwai wata ƙasa a gabas, maƙwabciyar Indiya, sunanta Bangaladash. Ƙasa ce mai koguna da yawa. Da yawa daga cikin mutanenta manoman shinkafa ne.

A da, mutanen ƙauyukan ƙasar ruwan kududdufi da na kogi suke sha. Amai da gudawa suna ta kashe musu yara. Bayan shekarar 1970, gwamnati da hukumar UNICEF suka shiga haƙa rijiyoyin burtsatse. Masu hali kuma suka haƙa nasu. Rijiyoyi suka kai miliyoyi. Ruwa ya fito garau, mutuwar yara ta ragu, kowa yana murna.

Ashe akwai wata guba a cikin ƙasar wurin, ana kiranta arsenik. Ba wanda ya zuba ta. Tun asali tana cikin laka da yashin da koguna suka kwaso daga duwatsu. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana narkar da ita. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Ko an tafasa ruwan ba ta fita.

Wannan guba ba ta kisa nan da nan. Sai mutum ya yi shekaru yana sha, sa'an nan baƙaƙen tabo su fito masa a jiki. Tafin hannu da na ƙafa su yi kanta, su tsage. Daga baya takan kawo ciwon daji na fata, ko na huhu, ko na mafitsara.

A shekarar 1993 aka tabbatar da gubar a rijiyoyin lardin Chapai Nawabganj. A shekarar 2000 wani rahoto da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga ya ce mutum miliyan 35 zuwa miliyan 77 suna cikin haɗari.

To, ga wata wahalar kuma. Mutane da yawa sun ɗauka kuturta ce. Suka riƙa gudun masu ciwon. An saki waɗansu mata. Waɗansu 'yan mata sun rasa miji. An hana waɗansu yara zama da 'yan'uwansu a makaranta. Alhali ciwon nan ba a ɗaukarsa daga jikin wani.

Talaka ya fi kowa shan wuya. Ba ya samun abinci mai gina jiki, don haka gubar ta fi cinsa. Rijiya mai zurfin ƙafa 500 galibi ruwanta lafiya lau, amma haƙa ta sai mai kuɗi.

Gwamnati ta tura ma'aikata suka auna ruwan rijiyoyi kusan miliyan 5. Wadda ke da guba aka shafa wa bakin famfonta jan fenti. Mai kyau kuwa aka shafa mata kore. Ko wanda bai iya karatu ba ya gane. Iyalai da yawa suka koma ɗiban ruwa a rijiyar maƙwabci mai koren fenti. Waɗansu suna tarar ruwan sama.

Jama'a, ku riƙe abu biyu. Ido ba ya sanin lafiyar ruwa, sai an auna. Kuma kada a guji marar lafiya kafin likita ya faɗi abin da ke damunsa.

TAMBAYOYI
1. Daga ina gubar ta fito?
2. Tafasa ruwa yana fitar da ita?
3. Me jan fenti yake nufi?