Mawaƙin da ba shi da ubangida: Mdou Moctar da samarin ƙasar Haɗeja

A shekarar 2008 wani saurayi Ba'abzine daga Jamhuriyar Nijar ya tsallako iyaka ya zo Sakkwato, ya shiga situdiyo ya naɗi waƙoƙin da shi da kansa ya tsara. Babu wani kamfani a bayansa, kuma ba ɗan siyasa ne ya aiko shi ba. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, amma duniya ta fi saninsa da Mdou Moctar. Bayan shekara 16, a watan Afrilun 2024, ya hau dandalin Coachella a jihar Kalifoniya ta Amurka, ɗaya daga cikin manyan bukukuwan kiɗa na duniya, yana rera waƙa da Tamashek, harshen da ya sha a nono.

Na ɗauko labarinsa ne saboda samarinmu na Kaugama da Malam Madori da Auyo da sauran garuruwan masarautar Haɗeja. Akwai masu murya a cikinsu, akwai masu baiwar tsara baiti. Amma in ka zauna da mai sha'awar waƙa ka tambaye shi burinsa, sau da yawa amsar ɗaya ce: Allah ya haɗa shi da ɗan takarar da zai yi wa waƙa, a ba shi babur ko mota. Kamar dai babu wata hanya sai wannan. Alhali kuwa ƙasar Haɗeja ce ta haifi marigayi Haruna Uji, mutumin da ya riƙe gurminsa da hannunsa, ya tsara waƙarsa ya rera abarsa, har waƙarsa ta Jummai ta shiga lunguna da saƙo na ƙasar Hausa. Haka Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da ɗan kuntiginsa shi kaɗai ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa ma'aurata nasiha. Mawaƙi mai cin gashin kansa ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun dai yi sakaci da shi ne.

An haifi Mdou a yankin Tawa a tsakiyar shekarun 1980, a gidan da ba a maraba da kiɗa. Ganin Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin iyayen kiɗan jita na Abzinawan Nijar, shi ya sa masa ƙwaɗayin abin. Da yake ba mai saya masa jita, sai ya nemi katako ya sassaƙa, ya ɗaura masa wayoyin birkin keke a matsayin tsirkiya. Ga shi kuma bahago ne, jitar da ake samu a kasuwa kuwa ta masu hannun dama ce. A haka ya koya. Ya je ci-rani Libiya kamar dubban samarin yankinsu, ya dawo, ya shiga kiɗan biki.

Kada a raina kiɗan biki, domin shi ne makarantarsa. Wanda ya saba tsayawa a fili a Agadas, janareta na ruri, ƙura na tashi, ya riƙe taron jama'a sa'o'i ba tare da sun watse ba, babu dandalin da zai ba shi tsoro. Salon da ya gada ma yana da nasa tarihin. Farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 ya karkashe dabbobin Abzinawa, ya kori samarinsu zuwa Aljeriya da Libiya. A can suka ɗauki jitar lantarki suka zuba mata karin waƙoƙinsu na gargajiya, suna kukan rabuwa da gida. Ƙungiyar Tinariwen ta Mali ce ta fara fito da salon fili, har ta ci lambar Grammy a 2012.

To, me ya kai shi Sakkwato? A lokacin waƙoƙin finafinan Hausa sun cika Nijar, kuma situdiyoyin Arewa suna da wani sauti nasu: fiyano, da gangar na'ura, da muryar nan mai karkarwa kamar ana busa ta ta cikin ƙarfe. Wannan murya aikin wata manhajar kwamfuta ce mai suna Auto-Tune, wadda ta fito a 1997. Abin da take yi shi ne ta auna tashin muryar mawaƙi da saukarta, in ya kauce daga daidai ta ja shi zuwa ma'auni mafi kusa. In an sa ta a hankali ba mai gane an yi gyara. In aka ƙure ta, sai murya ta riƙa tsalle daga mataki zuwa mataki babu jan numfashi a tsakani, shi ne karkarwar da muke ji. Mdou ya ɗora waƙoƙin Tamashek a kan wannan sauti na Hausawa, ya fito da kundinsa na farko mai suna Anar. Ke nan akwai hannun ma'aikatan situdiyon Arewa a tushen wannan ɗaukaka, ko da ba kasafai ake ambatonsu ba.

Kundin bai shiga kanti ba. Waya ce ta ɗauke shi. A shekarun can intanet bai wadata ba, sai dai memori da Bluetooth, wanda ke tura waƙa daga waya zuwa waya a tazarar 'yan taku ba tare da an kashe ko sisi ba. Direba ya karɓa a tasha, ya ba fasinja, fasinja ya kai garinsu. Haka waƙoƙin suka ratsa hamada har arewacin Mali. A can, a garin Kidal, wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley yana tattara waƙoƙin da ke cikin wayoyin mutane, ya ci karo da wata mai suna Tahoultine. Ya sa ta a cikin tarin da kamfaninsa ɗan ƙarami, Sahel Sounds, ya fitar a 2011 da sunan Music from Saharan Cellphones. Sai da ya sha wahalar bincike kafin ya gano mai waƙar, domin fayil ɗin da ke yawo a waya ba ya ɗauke da adireshi.

A nan ya kamata mai waƙa na Kaugama ya tsaya ya yi tunani, don abin da ya faru da Mdou shi ke faruwa kullum a rumfunan masu tura waƙa a kasuwar Gujungu da ta Maigatari. Waƙa ta yi farin jini, mai turi ya karɓi kuɗinsa, mai waya ya ji daɗi, wanda ya kwana yana tsara ta kuwa ko na sabulu bai samu ba. Wani lokaci ma sunansa ya ɓace a hanya, ana rera waƙarsa a gabansa ana jingina ta ga wani. Hanyar da ta ɗaga Mdou ita ce kuma ta kusa binne shi. Ya dace ne da wanda ya neme shi ya biya shi haƙƙinsa. Ba kowa ke samun irin wannan dacewa ba, kuma bai kamata sana'a ta dogara da sa'a ba.

Daga nan abubuwa suka bi juna. Kundin Afelan ya fito a 2013. A 2015 ya fito a matsayin jarumi a wani fim da aka ɗauka a Agadas da harshen Tamashek, wanda aka gina a kan fim ɗin Purple Rain na mawaƙin Amurka Prince. A 2019 ya fitar da Ilana tare da cikakkiyar ƙungiyarsa: Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Aboubacar Mazawadje a ganga, da Ba'amurke Mikey Coltun a jita mai kaurin amo. Sai kamfanin Matador na birnin New York ya ɗauke su, suka fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024. Shi ma Matador ba ya cikin manyan kamfanoni uku da suka mamaye kasuwar waƙa ta duniya, wato Universal da Sony da Warner. Abin da ake nufi da mawaƙi mai zaman kansa ke nan a can: wanda bai miƙa wuyansa ga waɗannan ƙattai ba, yana da ta cewa a kan abin da zai rera da yadda zai rera shi.

Kuma ya yi amfani da wannan 'yanci. Bayan waƙoƙin soyayya, ya yi waƙa a kan halin da matan karkara ke ciki, ya yi a kan harshensa da yake tsoron ya ɓace, ya kuma fito fili ya soki Faransa. Ga dalilinsa: kamfanin Faransa ya shafe shekaru da dama yana haƙar yuraniyom a Arlit, ana kunna fitilu da shi a Turai, mafi yawan mutanen Nijar kuwa ba su da wutar lantarki a gidajensu. Mawaƙin da ke jiran ambulan daga hannun mai mulki ba zai iya buɗe baki ya faɗi irin wannan ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

'Yancin yana da tsada, kada a yaudari kowa. Ranar 26 ga Yulin 2023, lokacin da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, Mdou da abokansa suna rangadi a Amurka. Aka rufe iyakoki, suka maƙale a ƙasar mutane, sai da masoyansu suka yi musu karo-karo. A wannan zama na dole suka sake naɗar waƙoƙin kundinsu na Funeral for Justice da jitar da ba ta lantarki ba, abin da ya fito a 2025 da sunan Tears of Injustice. In kuma ya koma gida, yana ci gaba da kiɗan biki, yana kuma sa kuɗinsa wajen haƙa rijiyoyi a ƙauyuka.

Ba ina cewa waƙar yabo aibu ba ce. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata sun yi ta, kuma sun bar mana taskar harshe da ba ta da na biyu. Amma waƙar ɗan takara ta yau ba ta kai wata shida take mutuwa, in ya faɗi zaɓe kuwa har mai ita kan so a manta da ita. Alhali ga abin waƙa nan jibge a gabanmu. Ambaliyar 2022 ta cinye gonaki da gidaje a Jigawa. Kachalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru, masunta da manoman shinkafa suna ji a jikinsu. Ga tsuntsayen jan-baki da ke sauka a gona su share wahalar shekara, ga samarin da ke tafiya ci-rani Legas su bar amare. Wa zai rera waɗannan in ba ɗan wurin ba? Mutanen Amurka ba sa jin ko kalma ɗaya ta Tamashek, amma sun cika dandali don sun ji mutum yana faɗin abin da ya dame shi da gaske, da sautin da ba su da irinsa.

Na san damuwar iyaye, kuma ba ta banza ba ce. Malamai sun yi magana mai yawa a kan kiɗa, kuma an ga yaran da harkar ta lalata. Sai dai yaron da Allah ya ba baiwa, in aka kore shi daga gida ba daina waƙa zai yi ba, zai dai yi ta ne a inda babu mai tsawata masa. Gara a san abin da yake rerawa da waɗanda yake zama da su.

Ga samarin kuma, shawarata ita ce ku koyi kaɗa wani abu da hannunku, gurmi ne ko garaya ko jita, kada ku tsaya ga kiɗan da mai situdiyo ya ajiye a kwamfuta yana sayar wa kowa. Ku ambaci sunanku da garinku a cikin waƙa, ku rubuta su a jikin fayil. Kafin ku shiga situdiyo ku yi yarjejeniya a rubuce a kan wanda ya mallaki waƙar. Nijeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, kuma ta shafi abin da ake yaɗawa ta intanet, amma doka ba ta kare wanda ba shi da shaida.

Ina kuma roƙon Gidan Rediyon Jigawa da Masarautar Haɗeja da masu hali a cikinmu su tattara faya-fayan Haruna Uji da sauran makaɗan wannan yanki, a mayar da su cikin kwamfuta tun kaset ɗin bai gama lalacewa ba, a kuma nemo dattawan da suka rage masu iya gurmi a haɗa su da yara masu son koyo.